Ƙaura da iyali a kan ƙaramin albashi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na ma'aurata ne masu ƙananan yara, waɗanda samunsu na wata yake isar su ci da haya amma ba ya barin wani abin a-zo-a-gani, kuma zuciya tana raya musu su koma wata ƙasa da zama. Yawancin adadin da aka kawo an haɗa shi da shekararsa, domin dokokin shige da fice suna sauyawa kusan duk shekara, kuma da wuya su sauya zuwa sauƙi.

A taƙaice dai, mai ƙaramin albashi zai iya kwashe iyalinsa ya koma wata ƙasa?

Zai iya, sai dai ba albashin ne zai kai shi ba. A yawancin hanyoyin ƙaura, jami'in biza bai damu da nawa ake ba ka a ƙarshen wata ba. Abin da yake dubawa shi ne nawa ke kwance a asusunka, tun yaushe yake kwance, kuma wa zai riƙe ku idan kun sauka. Malamin makaranta da ya shekara huɗu yana tara kaɗan-kaɗan ya fi kusa da jirgi a kan ɗan kasuwar da kuɗi ke shigo masa da yawa suna ficewa a ranar.

Abu na biyu, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne ƙofar da aka bi aka shiga. Iyali biyu za su sauka a filin jirgi ɗaya, rana ɗaya, da kuɗi iri ɗaya a aljihu. Na farko sun zo da izinin zama na dindindin: miji da mata duk suna da damar aiki, kuma gwamnati tana ba su tallafin yara. Na biyu sun zo da bizar wucin gadi da aka ɗaura a wuyan kamfani ɗaya: babu tallafi, kuma ranar da aikin ya ƙare, ranar izinin zaman ya fara ƙirga kwanaki. A Birtaniya yawanci kwana 60 ake ba mutum ya nemo wani kamfanin ko ya tattara nasa ya nasa. Bayan shekara guda ba za ka ce tare iyalan nan suka zo ba.

To nawa ne? A ba mu lamba, ba wa'azi ba.

Kanada ce ta fi fito da lissafinta fili. Mai neman zama na dindindin ta tsarin Express Entry, mai zaɓar masu nema bisa maki, wanda aka buɗe a Janairun 2015, sai ya nuna kuɗin da zai riƙe iyalinsa da shi. A jadawalin 2024, mutum ɗaya dalar Kanada 14,690 ne, iyali mai mutum uku 22,483, mai mutum huɗu 27,297, kuma duk shekara sai an ɗaga. Jariri cikakken mutum ne a wannan lissafi. Ko ka ce uwargida da yara za su tsaya sai daga baya, ana ƙirga su. Daɗin abin shi ne kuɗin nan naku ne, nunawa kawai za ku yi ku tafi da abinku. Wanda gwamnati take karɓa daban ne: a jadawalin Afrilun 2024, kowane babba dala 950 na duba takardu da 575 na izinin zaman, kowane yaro 260. Miji da mata da yara biyu, 3,570 ke nan.

Birtaniya akasin haka take. Abin nunawa kaɗan ne, abin biya ne ke karya baya. Ma'aikaci mai mata da yara biyu zai nuna fam 2,070 kacal, ya kwana 28 a asusu. Amma akwai kuɗin lafiya da ake karɓa gaba ɗaya tun kafin a buga biza. Lokacin da aka ƙirƙiro shi a 2015 fam 200 ne a shekara. Daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro. Iyalin nan mai mutum huɗu, idan bizar ta shekara uku ce, fam 10,866 za su ajiye a kan lafiya kaɗai, ba a zo kan kuɗin bizar kanta ba. Ma'aikatan lafiya da iyalansu an yafe musu wannan, shi ya sa nas take iya abin da akanta mai albashi ninkin nata ba ya iyawa. Sannan aikin da za a ɗauke ka sai albashinsa ya kai wani mataki: fam 26,200 ne a da, ya koma 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa 41,700 a Yulin 2025, ko da yake wasu sana'o'i suna da nasu ma'aunin.

Jamus tana tsakiya. Kuɗin bizarta bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya zo ba da aiki a hannu ba, yawanci sai ya zuba kuɗin shekara a wani asusu na kulle, ana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata. Ga ɗalibi, daga Satumban 2024, yuro 11,904 ne, wato 992 a wata, kuma na mutum ɗaya ne.

Ban da waɗannan manyan kuɗaɗe, me kuma ke cin aljihu kafin a tashi?

Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke cinye ajiyar mutane tun ba a kai ga ofishin jakadanci ba. Fasfo ga kowa har jinjiri. Jarrabawar harshe, irin IELTS, wadda mutane da yawa sai sun zauna sau biyu ko uku kafin su sami makin da ake so. Tantance takardun karatu. Fassarar takardar aure da ta haihuwa a hannun mai fassara da hukuma ta amince da shi. Gwajin lafiya a asibitin da su suka zaɓa, takardar shaidar 'yan sanda, ɗaukar zanen yatsu, da kuɗin mota da masauki idan cibiyar tana wani gari. Tikiti ma akwai dabara a cikinsa: yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, ana biyan ɗan abu kaɗan, amma da ya cika biyu sai an saya masa kujera.

Tarkon da ke ciki shi ne kowace takarda tana da ranar mutuwarta. Sakamakon IELTS shekara biyu yake yi. Gwajin lafiyar Kanada wata 12, gwajin tarin fuka na Birtaniya wata 6. Wanda ya yi su a warwatse, sai ya tarar wannan ta mutu kafin waccan ta fito, ya sake biya. Kuma idan aka hana biza, yawancin waɗannan kuɗaɗe sun tafi ke nan.

Wani ɗan'uwa ya ce zai zuba mini kuɗi a asusu in nuna, in mayar masa bayan biza ta fito. Akwai matsala?

Akwai, har biyu. Kanada ta faɗa ƙarara cewa kuɗin nuni ba zai zama na aro ba, kuma takan nemi wasiƙar banki mai nuna matsakaicin abin da ke asusun a wata shida da suka wuce, tare da basussukan da ke kanka. Kuɗi mai yawa da ya faɗo rana ɗaya sai an tambayi daga ina. Kyauta ta gaskiya, da takardar shaida cewa ba za a mayar ba, ana karɓa. Idan kuwa aka kama mutum da ƙarya, Kanada tana rufe masa ƙofa shekara 5, Birtaniya har shekara 10.

Ta biyun ta fi zafi ko da ba a kama ka ba. Adadin nan ba don ado aka sa shi ba, kiyasi ne na abin da za ku ci kafin albashin farko ya shigo, kuma a manyan birane ma bai cika isa ba. Wanda ya mayar da kuɗin ya sauka da aljihu wayam, da mata da yara, a garin da ba a ba da bashin haya.

Ba gara ɗayanmu ya nemi karatu ba, ɗayan ya biyo shi a matsayin iyali ya yi aiki?

Shekarun baya wannan ce hanyar da iyalai da yawa suka bi, amma an ƙuntata ta. Daga Janairun 2024, ɗalibin digiri na biyu na kwas a Birtaniya ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A wannan watan ne Kanada ta ninka kuɗin nuni na ɗalibi daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa. A Janairun 2025 ta rage waɗanda matansu ko mazansu ke samun izinin aiki. Ostareliya ta kai kuɗin bizar ɗalibi dalarta 1,600 a Yulin 2024, sannan 2,000 bayan shekara guda.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, karatu a waɗannan ƙasashe shi ne hanya mafi tsada, domin kuɗin makaranta na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, aikin da aka yarda ɗalibi ya yi kuma na 'yan sa'o'i ne. Duk wanda ya ce da aikin gefe za ka biya makaranta ka ciyar da mutum huɗu, bai taɓa yi ba ne.

Jamus ce ta fita daban. Yawancin jami'o'inta na gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, in ban da 'yan wurare irin jihar Baden-Württemberg, wadda tun 2017 take karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Akwai kuma koyon sana'a, kamar jinya ko gyaran lantarki, inda ake biyan mai koyo duk wata. Kuɗin ba zai riƙe iyali ba, amma aƙalla shigowa yake yi, ba fita ba. Farashinsa harshe ne: sai an iya Jamusanci sosai.

Albashin can ya ninka nawa sau goma. Ko me aka cire ai sai ya yi saura, ko ba haka ba?

Nan ne aka fi yin asara, wajen juya albashin can zuwa kuɗin gida a kan waya ana murmushi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Albashin da ke jikin takarda ba shi ne ke shiga asusu ba. A Ingila fam 12,570 na farko ne kawai ba haraji, abin da ya hau kai ana cire aƙalla kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin inshorar ƙasa daban. A Jamus kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashi yana tafiya a inshorar lafiya, fansho da makamantansu, kafin a zo kan haraji.

Abin da ya rage, haya ce ke fara yankar rabonta, kuma rabon zaki ne. Gwauro zai raba ɗaki da wasu ya lallaɓa. Mai iyali ba shi da wannan damar, domin masu gidaje ba sa yarda a cusa mutum huɗu a ɗaki ɗaya, wasu ƙasashen ma sharaɗin biza ne a nuna gida mai isasshen fili. Kafin a miƙa makulli sai an ajiye kuɗin jingina: a Ingila doka ta tsayar da shi a hayar mako biyar, a Jamus har hayar wata uku. Sabon zuwa ba shi da tarihin haya, ba shi da takardar albashi, ba shi da mai tsaya masa, don haka shi ne na ƙarshe a layi, kuma makonnin da zai yi a masaukin wucin gadi sun fi haya tsada nesa ba kusa ba. (A Jamus kada mamaki ya kama ku idan kun shiga gidan haya kuka tarar da kicin fayau, ba murhu ba wurin wanke-wanke. Mai fita yakan kwashe nasa ya tafi da shi.)

Sai ɗumama gida a lokacin sanyi, rigunan sanyi na yara da suke ƙanƙancewa duk shekara, kuɗin mota, waya da intanet. Lissafin da ya kamata a yi shi ne: a ɗauki albashin bayan haraji, a nemi hayar gida mai ɗaki biyu a ainihin garin da aikin yake, a cire. Idan haya ta haura rabi, albashi ɗaya ba zai riƙe gidan nan ba.

Ni uwa ce, ina da goyo da kuma 'yar shekara uku. Maigida yana lissafi da albashi biyu. Zan iya aiki kuwa?

'Yar'uwa, tambayarki ta fi duk na sama muhimmanci, kuma ita ce maza suka fi mantawa da ita. A inda kike yanzu, ko ba a biya ba, akwai hannun da ke karɓar miki yaro: kaka, ƙanwa, maƙwabciya. Wannan hannun ba ya shiga jirgi. A can duk sa'ar da wani ya riƙe miki yaro kuɗi ce, kuma barin ƙananan yara su kaɗai a gida yana iya jawo hukumar kula da yara.

A Ingila kuɗin gidan reno na yaro ɗan ƙasa da shekara biyu yana iya lashe yawancin albashin mai ƙaramin aiki. 'Yar shekara ukun za ta sami sa'a 15 a mako kyauta, amma ƙarin sa'o'in da ake ba iyaye ma'aikata ba ya kai wa ga yawancin masu bizar wucin gadi. A Jamus doka ta ba kowane yaro haƙƙin gurbi daga shekara ɗaya tun 2013, a Berlin ma kyauta ne, sai dai haƙƙi daban, samun gurbi daban, ana jira watanni. Kanada ta ɗauko shirin saukar da kuɗin reno zuwa dala 10 a rana tun 2021, ita ma layin jiran dogo ne.

Abin da ma'aurata da yawa suke yi shi ne karɓa-karɓa: ɗaya aikin dare, ɗaya na rana, a haɗu a bakin ƙofa a miƙa yaro. Yana fitar da kuɗi, amma yana cin jiki, yana cin aure. Ki ce wa maigida ya yi lissafin shekarar farko da albashi ɗaya. In ya tsaya da ƙafarsa a haka, naki ya zama riba. Ki kuma tabbatar bizar da za a ba ki tana ɗauke da izinin aiki, domin ba kowacce ba ce.

Mun ji gwamnatocin can suna biyan kuɗin yara. Za mu samu?

Ya danganta da ƙofar da kuka bi. A Jamus iyali masu izinin zama na aiki suna samun kuɗin yara, yuro 255 a wata ga kowane yaro a 2025. A Kanada mai zama na dindindin yana shiga tsarin tallafin yara da zarar ya zauna, mai izinin wucin gadi sai ya cika wata 18. A Birtaniya yawancin bizar aiki da ta karatu suna ɗauke da sharaɗin cewa ba ruwanka da kuɗin gwamnati: ba tallafin yara, ba na haya, ba na rashin aiki, alhali kana biyan haraji kamar kowa. Makarantar gwamnati dai kyauta ce ga yaranka.

Haihuwa a can ma ba kullum take sauya komai ba. Kanada tana ba wanda aka haifa a ƙasarta zama ɗan ƙasa, amma Birtaniya ta daina hakan tun 1983, sai in ɗaya daga iyayen ɗan ƙasa ne ko mai zama na dindindin.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf fa? Sun fi sauƙin shiga.

Sun fi sauƙin shiga ga ma'aikaci, ba ga iyalinsa ba. Babu harajin albashi, sau da yawa kamfani ne ke biyan tikiti da masauki, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya tara abin kirki idan shi kaɗai ne. Kawo iyali kuwa yana da ma'auni. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai albashi ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da gidan kamfani. Saudiyya ta ɗora kuɗi a kan kowane ɗan rakiya tun Yulin 2017, ta fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mata da yara biyu, riyal 14,400 ke nan a shekara don zama kawai. Yaran baƙi yawanci makarantun kuɗi suke zuwa. Zaman kuma a ɗaure yake da aiki, ko shekara 20 aka yi ba a zama ɗan ƙasa. Wuri ne na ci-rani, na tara jari ko tara kuɗin nuni na wata ƙasar, ba na kafa zuriya ba.

Cacar bizar Amurka fa?

Dokar 1990 ce ta kafa ta, da biza har 55,000 a shekara, kuma ƙasashen da suka tura baƙi sama da 50,000 a shekara biyar ba sa ciki. Wanda sunansa ya fito bai ci biza ba tukuna, damar nema ya ci, domin ana zaɓar mutane fiye da yawan gurbin. Babu tikiti a ciki, babu gida, babu aiki. Kuɗin ganawa da gwajin lafiya na kowane ɗan gida ne, kuma a Amurka inshorar lafiya galibi a jikin aiki take, iyalin da suka sauka ba ita kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye ajiyarsu. Ba a gina shiri a kan caca.

Ko in fara tafiya ni kaɗai, in na zauna su biyo ni?

Ga mai ƙaramin ƙarfi, sau da yawa wannan ce hanyar da lissafi yake yarda da ita. Mutum ɗaya zai kwana a ɗaki ɗaya, ya nemo gida, ya tara takardun albashi na 'yan watanni, ya san gari. Amma kafin a sayi tikiti sai an tabbatar da abu ɗaya a rubuce: shin wannan bizar tana ba da damar kawo iyali, kuma a kan wane albashi? Masu aikin kula da tsofaffi da suka nemi bizar Birtaniya daga 11 ga Maris 2024 ba su da wannan damar ko kaɗan. Mai zama na dindindin a can da ke son kawo matarsa, samun da ake nema a wurinsa ya tashi daga fam 18,600 zuwa 29,000 a Afrilun 2024. A Jamus mata ko miji yawanci sai ya ci jarrabawar Jamusanci matakin farko kafin ya biyo, in ban da iyalan wasu ƙwararru.

A kuma sa a lissafi cewa gida biyu za a riƙe. "Wata shida" da aka yi alƙawari a filin jirgi yakan koma shekara biyu, yaron da aka bari yana rarrafe a same shi yana ɓuya bayan uwarsa in ya ga baƙo. A sa wa'adi tun farko, a kuma yanke abin da za a yi idan wa'adin ya cika ba a kai ba.

Wani ejan ya ce aiki yana hannu, in biya shi kawai. In biya?

A'a. Aikin gaskiya ba a sayar da shi. Ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ita ce mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin nemo ma'aikaci. A Birtaniya haramun ne kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi daga mai nema don ya samo masa aiki, kuma gwamnati tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗauko baƙi, kowa zai iya dubawa. A Kanada dala 1,000 na takardar izinin ɗauko baƙo a kan kamfani take, ba a yarda ya karɓe ta daga ma'aikaci ba. Cinikin takardun aiki ya yi yawa har a Maris na 2025 Kanada ta soke ƙarin makin da ake ba mai tayin aiki a Express Entry.

Ko lasisin ma ba garanti ba ne. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 Birtaniya ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin ya shafi ma'aikata fiye da 39,000, da yawansu sun ci bashi sun biya dillalai sun iso ba aikin. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya.

Wanda kuma ya ce zai bi da ku ta sahara ko ta teku, da yara, kada ma a zauna da shi. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum kusan 9,000 da suka mutu a hanyoyin ƙaura a 2024 kaɗai.

Ina da sana'ata da takarduna. Zan ci gaba daga inda na tsaya?

Masu kwamfuta da masu aikin hannu irin walda sun fi samun sauƙi. Likita, nas, malamin makaranta, lauya, mai haɗa magunguna, duk sai sun sake neman lasisi, da jarrabawa da kuɗi da jira. Nas mai zuwa Birtaniya tana da jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki a aikace ban da ta harshe. A Kanada kowane lardi da hukumarsa. A fara wannan tun ana gida ana karɓar albashi, duk abin da za a iya gamawa daga nesa a gama shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma shirya wa yiwuwar cewa aikin farko na ɗaukar kaya ne a sito, kuma da albashinsa za a yi lissafi.

Mu sayar da gida ko fili mu haɗa kuɗin?

Mota da kayan ɗaki a sayar, ba za su jira ku ba. Rufin da za a dawo ƙarƙashinsa kuwa, ra'ayina shi ne kada a taɓa shi saboda bizar wucin gadi. In izinin zama na dindindin ne ya riga ya fito, maganar ta sauya. Bashi mai ruwa don tafiya ya fi sayar da gida muni, domin shi yana fara girma tun kafin a sami aiki.

A kowane hali a ware kuɗin tikitin dawowa na kowa da kowa, a manta da shi. Sannan a yi wa dangi magana tun kafin a tashi cewa shekarar farko ba aike. Da an ga hotonka cikin rigar sanyi za a fara kira, kuma kunya tana sa mutum ya aika abin da ba shi da shi. Aiken ma ba kyauta ba ne: a lissafin Bankin Duniya, tura dala 200 yana cin kusan kashi 6 cikin ɗari a matsakaici.

Mu jira mu ƙara tarawa, ko mu yi sauri kafin a ƙara tsaurarawa?

Jira ma yana da farashi. A Express Entry cikakken makin shekaru yana hannun 'yan 20 zuwa 29, daga 30 yana raguwa duk shekara, a 45 ya ƙare. Yawancin bizar ƙwararru ta Ostareliya ma a 45 take rufewa. Kanada ta rage adadin masu zama na dindindin da za ta karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Yara kuma suna girma, tikitinsu yana ƙaruwa, ko da yake yaron da ya isa makaranta ya sauke muku nauyin reno.

Ku zauna ku biyu da takarda. Ku zaɓi ƙasa ɗaya da biza ɗaya, ba "waje" ba. Ku haɗa kuɗin takardu, kuɗin gwamnati, tikiti, jinginar gida, cin wata shida ba albashi, da kuɗin dawowa. Ku raba jimillar da abin da kuke iya ajiyewa a wata ba tare da yara sun ji a jikinsu ba. Idan ta ba da shekara biyu ko uku, ku fara da jarrabawar harshe da tantance takardu, ku bar gwajin lafiya sai ƙarshe. Idan ta ba da shekara takwas, wannan ƙofar ba taku ba ce, sai a duba wadda kamfani ke biyan kuɗin shiga, ko a juya ga ƙasashen da ke kusa. Yankuna da dama suna da yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin maƙwabta, kamar Tarayyar Turai, da Mercosur a Kudancin Amurka, da ECOWAS wadda tun 1979 ta ba 'yan ƙasashenta kwana 90 ba biza. A irin wannan ƙaura, maigida zai iya zuwa ya yi wata biyu ya ga aikin da hayar da idonsa, ya dawo a mota, kafin a cire yaro ko ɗaya daga makaranta.